Gargaɗi ga Mutanen Kano: Ku Ba Ruwa Hanya Tun Rani

Jama'a, ku fita ku duba gindin bangon gidajenku. Yau, kada ku bari sai gobe. Ku duƙa ku duba da kyau. Kun ga wani layi mai duhu da ya zagaye bangon, kamu ɗaya ko biyu daga ƙasa? Fenti yana ɓarewa a wurin? Wani farin gari yana fitowa daga jikin simintin? In kun sa yatsa, wurin yana marmashewa? To sawun ruwan bara ke nan. Nan ya tsaya. Bana ma yana tafe, kuma ba wanda ya yi muku alkawarin iyakarsa nan.

Ku gwada ƙofar ɗaki. Da tana rufuwa lafiya, yanzu sai an ɗaga ta? Ku dubi kusurwar taga. Akwai tsagar da ta tashi daga nan ta yi sama a karkace? Ƙasar da ke ƙarƙashin ginin ce ta motsa. Kada ku cusa siminti a tsagar, ku shafa fenti, ku ce an gama. Ku kira wanda ya san gini ya gani da idonsa.

Kun manta Zariya? Ranar Juma'a 11 ga Agusta, 2023, ana sallar La'asar, wani sashe na babban masallacin birnin ya rufta kan masallata, aka rasa rayuka. Gini ne na Babban Gwani Muhammadu Durugu, tun wajen shekarun 1830 yake tsaye. Mai martaba Sarkin Zazzau ya bayyana cewa an ga tsaga a jikinsa kwana ɗaya kafin nan, ana shirin kiran masu gyara. Kwana ɗaya! A Satumban 2024 kuma, tsohon masallacin Damagaram da ya haura shekara 150 ya zube bayan ruwa mai yawa. In ginin gwanaye ya gaza, me zai hana naka, wanda aka yi da buhun siminti ɗaya ana buga bulo fiye da ƙima?

Yanzu rani ne. Kwata ta bushe, lambatu ya bushe, kududdufi ya ja baya. Yanzu ne kaɗai ake iya aikin. Da zarar hadari ya haɗo daga gabas, sai kwasar ruwa da roba da neman inda za a kwantar da yara. Me kuke jira?

Ku tambayi dattawan unguwa kududdufai nawa suka sani a cikin birni, sannan ku ƙirga nawa suka rage. Kududdufi rami ne da kakanninmu suka haƙa suka ɗebi ƙasar da suka gina gidaje da badala. Tun zamanin Sarki Gijimasu, wanda ya fara ginin ganuwa wajen shekara 900 da suka wuce, ake haƙa ƙasa a wannan gari. Kowane rukunin gidaje yana da raminsa a kusa. In aka yi ruwa, indararo ya watso shi tsakar gida, rariya ta fitar da shi lungu, lungu ya gangara da shi kududdufi. A can yake kwanciya. A hankali ƙasa take shanye shi, rijiyoyin da ke kewaye su samu. Ba wanda ya zana wannan a takarda, amma tsari ne cikakke, kuma ya riƙe birnin ɗaruruwan shekaru.

Me muka yi da shi? Mun mai da shi bola. Daga bola sai tifa ta fara sauke ɓaraguzai da daddare. Daga nan sai ka ga turaku da igiya. Kafin ka ankara an yanka filotai, dillali yana kiran kuɗi. Duk wanda ya san titin BUK shekara 20 da suka wuce ya san ruwan da ke kwance a gefen badala, ya kuma san abin da ke tsaye a wurin yau. Haka abin yake a unguwa bayan unguwa.

Na san abin da za a ce: kududdufi matattarar sauro ce, yana wari, yara suna nutsewa a ciki. Gaskiya ne, kuma duk uwar da ta rasa ɗa a kududdufi ba ta buƙatar a yi mata dogon bayani. Amma maganin wannan shi ne a yashe shi, a kewaye shi, a hana zuba shara da kashin masai a ciki, a dasa itatuwa a bakinsa. Wanda ya cike shi bai rage ko ɗigon ruwa ɗaya daga abin da sama za ta zubo ba. Ruwan nan dai zai sauka. Ina zai je? Ina kuwa, in ba ɗakin wanda gidansa ya fi gangare ba?

Ku yi lissafin da kanku. Filoti mai ƙafa 50 da ƙafa 100 ya kai kusan murabba'in mita 465. In aka yi ruwa na milimita 50 a dare ɗaya, kuma ana yin irinsa a watan Agusta, lita sama da 23,000 ce za ta sauka a kan filotin nan kaɗai. Jarka mai lita 25 sama da 900 ke nan. Da can tsakar gida daɓe ce ko ƙasa, akwai darbejiya ko mangwaro, wani kaso na ruwan yana nutsewa a nan. Yau mun rufe sama da kwano, mun rufe ƙasa da siminti da tayil, har ƙofar gida mun malale ta. Duk jarka 900 ɗin nan lungu za su fita, cikin sa'a guda. Gida nawa ne a lungunku? Gida 40? Ku ninka. Sannan ku je ku dubi kwatar da ake so ta ɗauke shi: faɗinta bai wuce taku ɗaya ba, rabinta yashi ne, sauran rabin ledar fiya wata da robar lemo.

'Yan Kantin Kwari sun ga wannan a Agustan 2022, lokacin da ruwa ya shiga kasuwa ya jiƙa dilolin atamfa da shadda da leshi na miliyoyin naira. Bayan ya janye kowa ya nuna abin da kowa ya daɗe da sani: shaguna da tebura a kan hanyar ruwa, magudana a toshe. An yi surutu, an yi alkawari. Ku shiga kasuwar unguwarku yau ku duba ko darasin ya isa can.

Akwai kuma wata masifar da take zuwa da sunan cigaba. A zo yin titi a unguwa, kowa yana murna. A zuba jar ƙasa, a daddanne, a zuba dutse, a shimfiɗa kwalta. Ranar da aka gama sai ka ga titi ya fi dakalin gidanka tsawo. Da kana hawa ka shiga gida, yanzu gangarawa kake yi. Rariyar gidanka ta koma ƙasa da bakin lambatu, maimakon ta fitar da ruwa sai ta shigo da shi. Wani lambatun ma an gina shi da kyau, mita ɗari biyu ko uku, sai ya ƙare a bayan katangar wani bawan Allah, don a nan kuɗin kwangila ya ƙare. In ana aikin titi a unguwarku yanzu, ku fita. Ku sami injiniyan da ke wurin. Ku tambaye shi da ladabi: ranka ya daɗe, ina wannan lambatun zai zubar da ruwansa? Titin zai fi gidajenmu tudu da nawa? Ku tambaya tun ba a zuba kwalta ba. Tun ran gini ran zane.

Rafin Jakara ma haka. Shi ne babbar hanyar da ruwan cikin birni yake bi ya fita, ya haɗu da Getsi mai ɗauke da dagwalon masana'antun Bompai, su gangara madatsar Wasai. A zangon mulkin Gwamna Kwankwaso na biyu aka fara aikin rufe shi da shimfiɗa titi a kansa. Rufe rafi yana rage wari, yana ba da hanya. Amma rafin da aka rufe ba a ganin cikinsa. Wa yake shiga ya duba yashin da ya taru? Sau nawa a shekara? Duk ledar da aka jefa a kwata a Kurmi ko a Fagge tana da inda take zuwa ta maƙale. Ranar da babbar hanya ta toshe, ƙananan duk baya za su yi.

To ga abin takaicin. Garin da yake nutsewa a Agusta shi ne yake ƙishirwa a Maris. Ku dubi layin 'yan garuwa da asuba. Ku tuna kuɗin jarka bara, ku dubi na bana. Famfo ya shekara nawa bai kawo ruwa a unguwarku ba? Matatun Challawa da Tamburawa suna nan, amma birnin ya daɗe da fin ƙarfinsu, sai kowa ya koma haƙa burtsatse. Ku tambayi masu haƙar. Za su gaya muku inda da ake samun ruwa kusa, yanzu sai an yi nisa, wani wurin ma a haƙa a tashi a banza. Ƙarƙashin Kano dutse ne. Ruwan da muke zuƙa yana kwance ne a cikin ruɓaɓɓen saman dutsen da tsagoginsa, kuma ruwan sama ne yake cika shi duk shekara. Mun toshe duk ƙofar da yake bi ya shiga, mun ƙara yawan bututun da ke zuƙe shi. Yaya kuke tsammani za a ƙare?

Rufin kwano mai murabba'in mita 100, in damina ta ba da milimita 800, yana zubar da lita 80,000. Jarka 3,200. Kyauta, daga sama, a kan gidanka. Kana kallo yana bin lungu yana cin gindin katangar maƙwabcinka, bayan wata 6 kuma ka sa hannu a aljihu ka sayi wanda ba ka san daga inda aka ɗebo shi ba. Alhaji, ka sa wa kwanon nan mazurari. Ka haɗa shi da tanki, ko na roba ne. Ka bar ruwan farko ya wanke ƙura da kashin tsuntsaye ya zube, sannan ka tara. Ka rufe tankin kada sauro ya samu wurin ƙwai. In ya cika, rarar ta gangara wani rami da aka cika da tsakuwa a tsakar gida, nesa da gindin bango, nesa da masai, ta nutse a nan. Kuɗin wannan bai kai na tayil ɗin da ka manna a ƙofar gida ba.

Hajiya, ke ma da ke nake. Ke kika san inda ruwa yake fara taruwa a gidan. Ke kike tashi da tsakar dare ki ɗora katifa a kan kujera, ki ɗaga buhun masara, ki tsaya a bakin ƙofa da tsintsiya da bokiti har asuba. Kada ki yi shiru sai damina. Ki nuna wa maigida wurin yanzu. Kuma in hadari ya taso, kada a aiki yaro ya juye kwandon shara a kwata wai ruwa ya tafi da ita. Ba ta zuwa ko'ina. Kwalbatin bakin titi za ta toshe, ruwan ya dawo miki da ita har tsakar gida.

Ku auna tsakanin masai da rijiya. Ku auna da taku. Masana tsaftar ruwa suna cewa a bar kamar mita 30. A filotin awon igiya da aka raba biyu, aka sake raba rabin, ina za a sami mita 30? Sokawen maƙwabcinka yana jingine da katangarka, rijiyarka tana bayan katangar. Da rani ba a ganin komai. Da marka, ƙasa ta ƙoshi, masai ya cika ya tumbatsa, abin da ke ciki ya bi ƙarƙashin ƙasa. Ruwan rijiya ya yi gurɓi bayan an yi ruwa? Ya canza wari? Kada ku sha sai an tafasa ko an sa masa maganin tsaftace ruwa. A 2021 cutar amai da gudawa ta kama mutum sama da 100,000 a Najeriya, ta kashe sama da 3,000, kuma Kano da Jigawa da Bauchi suna cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna. Cuta ce da take iya kashe babban mutum cikin yini guda, balle yaro. Duk wanda ya fara zawo kamar ruwan shinkafa, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take, a garzaya da shi asibiti. Kada a ce bari a ga safiya.

Kada wani ya ce abin na nesa ne. Maiduguri nesa ce? Daren 9 wayewar 10 ga Satumba, 2024, madatsar Alau da ke kan kogin Ngadda ta ɓalle. Mutane suna barci ruwa ya same su. Ya shiga Gwange, ya shiga Kasuwar Monday, ya shiga fadar Shehu da asibitin koyarwa na jami'a. Namun dajin gidan zu suka fita gari. Katangar gidan yari ta faɗi, fursunoni sama da 270 suka tsere. Dubban ɗaruruwan mutane suka rasa matsuguni. Kuma ba shi ne karo na farko ba, a 1994 ma garin ya sha irin wannan daga madatsar nan. Shekara 30 tsakani, a cikinsu aka yi ta gini a bakin kogi, don an ga shekaru sun wuce ruwa bai zo ba. A Mokwa ta jihar Neja kuwa, ranar 29 ga Mayu, 2025, da asuba, ruwa ya share Tiffin Maza da Unguwar Hausawa, gawa sama da 150 aka ƙirga cikin 'yan kwanaki. Watan Mayu fa, damina ko zama ba ta yi ba. Mu ma nan muna da namu tarihin: madatsar Bagauda ta ɓalle a Agustan 1988. Madatsar Tiga, da aka gama a 1974, ta haura shekara 50. Mutanen Ringim da Auyo da Haɗejiya, waɗanda ruwanmu yake gangara wa, su ba sai an ba su labari ba.

In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka san abin yi.

Kai mai shirin sayen fili, tsaya. Kada ka sayi fili da rani ba tare da ka tambayi yadda yake da damina ba. Dillali ba zai gaya maka ba, la'adarsa yake nema. Ka koma wurin kai kaɗai. Ka sami tsohon da ya daɗe a unguwar ka tambaye shi: Baba, me ke wurin nan da? In ya ce fadama ce, ko kududdufi, ko nan ne rafi yake bi, ka riƙe kuɗinka. Ka dubi ƙasar. Baƙa ce mai tsagewa? Akwai leda da fasassun kwalabe in an tona? Cikon bola ne, kuma cikon bola yana ci gaba da zama shekara da shekaru, ya ja harsashin gini ya tsaga shi. Ka dubi katangun maƙwabta, layin ruwa yana jikinsu. Araharsa ta ja ka? Ka tambayi kanka me ya sa ya fi na kusa da shi araha.

Kai mai gini, ka ɗaga harsashi ya fi titi tudu, har da titin da za a zo a yi nan gaba. Ka sa birkila ya shimfiɗa abin hana danshi kafin a ɗora bulo. Kada ka cinye filin duka da ɗakuna. Ka bar wani sashe na tsakar gida ƙasa, ka dasa bishiya. Kada ka ci taku biyu daga lungu, don taku biyun nan hanyar ruwa ce. Ka kai zanenka hukumar tsara birane, KNUPDA, a duba. Na san ana jin nauyin zuwa, ana tsoron kashe kuɗi da ɓata lokaci, amma ya fi a wayi gari da jan fenti a katanga.

Masu gidan ƙasa, naku ya fi gaggawa. Ginin ƙasa yana da rai muddin ana kula da shi. Iyayenmu duk shekara kafin damina suke yaɓe, su gyara indararo, su duba azara, su shafe soro da makuba ko laso don ruwa ya zame. Mun bar wannan. Mun koma shafe ginin ƙasa da siminti muna ganin mun huta. Siminti ba ya kama ƙasa da kyau. Yana tsagewa, ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa hanyar fita, ya jiƙa tubali daga ciki. Daga waje bango lafiya lau, ciki ya zama taɓo. Ku ƙwanƙwasa shi da hannu. In kun ji yana amsawa kamar ba komai a bayansa, simintin ya rabu da bangon. Ku hau soro ku duba indararo. Ya karye? Ya toshe? Yana zubar da ruwa a jikin bango maimakon nesa da shi? Ku gyara a wannan makon. Yawancin gidajen da ke faɗa wa mutane da daddare suke faɗuwa, bayan ruwan kwana biyu ko uku a jere. Ɗakin da bangonsa ya jiƙe har sama, kada a kwana a cikinsa, ko da a zauren maƙwabci za a kwana.

Hukuma kuma, ku ji. Duk shekara hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina, hukumar NIHSA tana fitar da jerin ƙananan hukumomin da ambaliya za ta iya shafa. Ana karantawa a rediyo. Daga nan fa? Rabon shinkafa da tabarma da bandir ɗin kwano bayan gida ya faɗi ba ya dawo da wanda ƙasa ta danne. Ku ƙirga kududdufan da suka rage, ku sa su a taswira, ku haramta cike su, ku buga sunayensu kowa ya sani. Ku yashe manyan magudanai kafin watan Mayu, kuma hukumar kwashe shara, REMASAB, ta kwashe abin da aka yaso a ranar, don in aka bar shi a bakin kwata ruwan farko ne zai mayar da shi ciki. Sabbin unguwannin da ake yankawa a gefen gari, ku riga masu awon igiya isa can. A fitar da hanyar ruwa da wurin da zai kwanta kafin a fitar da filoti na farko. In dole sai an tashi waɗanda ke zaune a bakin rafi, a nuna musu inda za su koma tukuna. Talaka bai zauna a kwari don yana son ruwa ba, nan ne kuɗinsa ya kai. In aka rushe masa ba a ba shi wani wuri ba, wani kwarin zai nema.

Masu zanen gine-gine da injiniyoyi, ku da kuka yi karatun, kun fi kowa sanin wannan. In mai kuɗi ya kawo muku filin da kuka san kududdufi ne, ku gaya masa. In ya ce a malale harabar duka da siminti, ku nuna masa inda ruwan zai tafi da gidan wanda zai shiga. Zanen da ya nuna falo da bene da wurin ajiye mota, bai nuna inda ruwan rufi zai sauka ba, bai kammala ba. Kada ku sa masa hannu.

Mai unguwa, ranka ya daɗe, kada a jira gwamnati a kan abin da shebur da baro za su iya. A sanar a masallaci ranar Juma'ar nan. A sa ranar gayya. Matasa su fito, masu hali su kawo kuɗin mota da abinci. A fara daga gangare, inda ruwan unguwa yake fita, a yi sama. A buɗe kowane kwalbati a zura sanda a ga ko ta fita ta ɗaya gefen. A rubuta gidajen da bangonsu ya tsage, da gidajen da tsofaffi ko marasa lafiya suke kwana su kaɗai. A yanke tun yanzu makaranta ko masallacin da ke kan tudu da za a nufa in ruwa ya shigo da dare, kowane gida ya sani. Takardun gida da na makaranta a sa su a leda a rataye sama. In ruwa ya fara shigowa, a kashe wutar lantarki daga mita kafin a taka shi. Yaro kada ya tsallaka kwata mai gudu, ko da iya gwiwa ne.

In kuma kuka ga tifa ta fara sauke ƙasa a bakin kududdufin unguwarku, kada ku tsaya kallo. Ku ɗauki hoto. Ku tara dattawa ku je wurin dagaci da hakimi a ranar. Ku rubuta wa KNUPDA takarda, kowa ya sa hannu, ku riƙe kwafi. Ku kira gidan rediyo. Ku yi haka tun ana lodi na farko, kafin a kafa turaku.